Zuciya da Hanyoyin Jini: Abin da Ya Kamata Mu Sani

A Masallacin Koudoukou, nan Kilomita Biyar, mun saba jin malamai suna ambaton zuciya a matsayin mazaunin imani. Amma ita tsokar kanta, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, kaɗan ne cikinmu suka san aikinta.

Ɗakuna huɗu gare ta. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗebo iska, na hagu ya karɓa ya aika wa sauran jiki. Tana bugawa kusan sau 100,000 kowace rana, tana juya jini kimanin lita 5. Likitan nan Ibn al-Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya fara bayyana cewa babu ƙofa tsakanin dama da hagu, dole jini ya bi ta huhu. Sai a 1628 William Harvey na Ingila ya cika bayanin zagayen.

Abin da ya sa muka kawo wannan shi ne hawan jini. Idan jijiyoyi suka yi tauri ko suka ƙuntata, zuciya takan yi ta wahala shekara da shekaru, mai ita bai ji komai ba. Ran nan sai a nemi dattijo a sahun gaba a rasa, a ce ɓarin jikinsa ya shanye. Mukan ce iska ce ko sammu, alhali jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe ko ta fashe.

Awo ba ya cin minti biyar. Wanda nasa ya kai 140/90 a ranaku biyu daban-daban, ya ga likita, uwargida kuma ta rage gishiri, magi da kanwa a miya.