Wuƙar Hannu Ta Zama Abin Tuhuma A Jimeta

Wanda ya daɗe a Ikko bai leƙa Yola ba zai tarar mutuncin wuƙa ya zube. Da can makiyayi kan ɗaura ta a damtse cikin kube, ya zaro ta nan take. Mai kyau ita ce ƙirar sifirin mota, don ba ta saurin dakushewa.

'Yan Shila ne suka ɓata lamarin, masu ƙwace wayoyi da wuƙa cikin Keke Napep a Jimeta. Tun hawan Gwamna Ahmadu Fintiri a 2019 'yan sanda ke farautarsu.

Doka ba ta hana mahauci wuƙarsa ba. Amma saurayin da aka kama da ita a ƙugu cikin dare, sai ya yi bayani a caji ofis.