Tsohuwar jita ko sabuwa: zaɓin da ke gaban makaɗan Umdurman bayan yaƙi

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ci sassa da dama na Kasuwar Umdurman, wasu shaguna suka ƙone, wasu aka kwashe su tas. Cikin waɗanda suka yi asara har da makaɗa, domin mai gudun ceton rai da yara a hannu ba ya ɗaukar amfilifaya. Yanzu da mutane ke komawa gidajensu, biki da suna na dawowa sannu a hankali, duk saurayin da ke cin abinci da jitar lantarki yana da tambaya ɗaya a gabansa: ɗan kuɗin da ya tara, tsohuwar jita zai nema irin ta iyayen gidansa, ko kuwa sabuwa fil daga kwali?

Maganar halasci ko haramcin kiɗa, wannan fagen malamai ne, kuma sun daɗe suna bayani a kai. Abin da ke gabanmu a nan shi ne mai sana'a da jarinsa.

Inda son tsohuwar jita ya samo asali

Umdurman gari ne na kiɗa tun fil azal. A nan aka buɗe gidan rediyo a 1940, a nan kuma A'isha Falatiyya, wadda iyayenta suka fito daga ƙasar Hausa, ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Sudan a 1942. Lokacin, ud ne sarkin kayan kiɗa. Wanda ya fi kowa shigar da jitar lantarki cikin kiɗan ƙasar shi ne Sharhabil Ahmad, haifaffen Umdurman a 1935, wanda ake yi wa laƙabi da sarkin jaz na Sudan. Matarsa Zakiyya Abul Ƙasim ta riƙa kaɗa jita a ƙungiyarsa, ita ce ma ake lasaftawa a matsayin mace ta farko da ta ɗauki jita sana'a a ƙasar.

Daga baya dokokin Satumban 1983 na zamanin Numairi, da juyin mulkin 1989, suka dusashe kiɗan dare a Khartum. Makaɗa da yawa suka bar ƙasar, ogan mai madannai ya maye gurbin ƙungiya guda a wajen biki. Sai ga shi a 'yan shekarun nan wani kamfani na Jamus, Habibi Funk, ya sake fitar da tsofaffin faya-fayai: na Kamal Keila da na ƙungiyar Scorpions a 2018, na Sharhabil a 2020. Samarin da suka ji wannan sauti a waya suka ce lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Wace ce ma tsohuwar?

A kasuwar duniya, idan aka ce tsohuwar jita mai daraja, ana nufin irin su Telecaster da Fender ya fara ƙerawa a farkon shekarun 1950, da Les Paul ta kamfanin Gibson ta 1952, da Stratocaster ta 1954. Masu tara kaya sun fi ɗaukaka Fender da aka yi kafin 1965, shekarar da kamfanin CBS ya saye masana'antar. Kuɗinsu kuwa ba na talaka ba ne. A 2019 an yi gwanjon baƙar Stratocaster ta David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd a kan dala miliyan 3.9 da 'yan kai, duk da cewa an sha canza mata wuya da kayan ciki. Sunan mai ita aka saya.

Wannan duniya ce daban da tamu. Tsohuwar jitar da mai ƙaramin jari zai iya kaiwa gare ta, galibi 'yar Japan ce irin su Teisco da Guyatone, ko Eko ta Italiya, ko wata da sunanta ma ya goge. Wasu na da murya mai daɗin gaske, wasu kuwa tun ranar da aka ƙera su masu araha ne, tsufa bai ƙara musu komai ba sai tsatsa.

Zafi, ƙura da janareta

Jita itace ce, itace kuwa yana jin yanayi. Maƙera na son a ajiye ta inda damshin iska ke wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. Rani a Khartum ya yi ƙasa da haka nesa, ga zafi yana haura digiri 40. Idan itacen wuya ya bushe ya tsuke, sai bakin ƙarafunan da ke jere a kansa ya leƙo yana yankar hannu. Cikin wuyan akwai wani sandan ƙarfe da ake murɗawa don miƙar da shi idan ya lanƙwashe. A tsohuwar jita wannan sanda kan ƙage, ko a tarar an riga an murɗe shi har ƙarshe. Idan haka ta faru, magana ta ƙare, sai dai a nemi wani wuyan.

Ƙurar habub ita ma ba ta raga wa maɓallan ƙara da rage murya, shi ya sa ake jin ƙarar ƙas-ƙas idan an juya su. Fentin da aka yi amfani da shi a da siriri ne, yana tsattsagewa da zafi da gumi, na yanzu kuwa mai kauri ne kamar roba.

Sai batun wuta. Abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya. Mai naɗi ɗaya, irin na Stratocaster, muryarsa tar take, amma yana kwaso gurnanin lantarki, musamman a filin biki inda janareta ke ruri kusa da lasifika. Mai naɗi biyu, wanda Gibson ya fara sa wa jitocinsa a 1957, yana kashe wannan gurnani. Sababbin jita da yawa suna zuwa da duka biyun, ka zaɓa da ɗan maɓalli. Wanda kuma ya haɗa da tsohuwar amfilifaya, ya duba bayanta da kyau: ta Amurka wutar 120 take ci, ta Japan 100, alhali tamu 230 ce. In aka jona ta kai tsaye babu taransifoma, hayaƙi ne zai biyo baya.

Abin da sabuwa ta fi

A yau na'ura ce ke yanka itacen jita da awo iri ɗaya, don haka mai sauƙin kuɗi ta yanzu ta fi mai sauƙin kuɗi ta shekarun 1960 daidaito. Squier, wadda Fender ya fara fitarwa a 1982, da Pacifica ta Yamaha da ta fito a 1990, da Epiphone da Ibanez, yawancinsu a China ko Indonesiya ake yin masu arahar cikinsu. Suna riƙe saiti, kayan gyaransu awo ɗaya ne, mai zuwa daga Alƙahira ko Jidda zai iya riƙo maka su a aljihun jaka. Mai gyaran rediyo da ya iya ɗinkin dalma zai canza maɓalli cikin 'yan mintuna.

Amma a nan ma sai da lura. Jabu ta yi yawa, tambarin Fender ko Gibson kuwa takarda ce da kowa zai iya mannawa. Jitar da aka rubuta mata sunan Amurka ake kuma sayar da ita kuɗin wayar hannu, ai ka san akwai lauje cikin naɗi.

Ina aka samo ta?

Wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi a yanzu. An wawashe gidaje da ofisoshi ba adadi a Khartum da Bahri da Umdurman, har kasuwannin kayan sata suka tsiro lokacin yaƙin. Tsohuwar jita mai kyau da aka yi mata farashin banza, wataƙila ta wani ce da ke zaune a sansanin gudun hijira yana kukan rashinta. Musulmi ya san hukuncin sayen abin da ya san na sata ne. Ban da haka, makaɗa sun san kayan junansu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, ranar da ka hau dandali da ita wani zai gane ta. Ka tambayi mai sayarwa daga hannun wa ta fito, a sami shaidu, a rubuta lambar da ke jikinta. Idan ya fara kame-kame, ka kama gabanka.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ka ɗaga ta ka hango wuyan daga ƙasa zuwa sama, ka ga ko ya karkace. Ka danna kowace tsirkiya a kowane gida har ƙarshe, ka saurari inda take zuza. A jona ta da wuta a gabanka, ka juya dukkan maɓallai. Ka yi saiti, ka kaɗa na minti goma, ka sake dubawa ko ya zame. Idan tsohuwa ce, ka leƙa ko gara ta taɓa ta, domin kayan da suka shekara biyu a rufaffen ɗaki ba a rasa su da wannan. Kuma ka tafi da wanda ya girme ka a sana'ar, ido biyu sun fi ɗaya.

Ga wanda ke zuwa biki sau biyu ko uku a mako, da kuɗin ake sayen gero da biyan haya, sabuwa mai matsakaicin farashi ta fi rufa asiri, a bar ragowar kuɗin don amfilifaya da tsirkiyar canji. Tsohuwa ta dace da wanda ya gada, ko ya san asalinta, yana kuma da ta biyu da zai fita da ita, a ajiye waccan don ɗaukar sauti a ɗaki.

Sautin da samari ke nema a tsofaffin faya-fayai, yawancinsa daga yatsu yake fitowa da kuma ma'aunin murya biyar da kiɗan Sudan da na ƙasar Hausa suka yi tarayya a kai. Noori na Port Sudan, wanda faifansa tare da ƙungiyar Dorpa ya fito a 2022, wuyan jita ya tsinta a wajen 'yan gwangwan ya haɗa da tsohon tambur na mahaifinsa. Mdou Moctar na Nijar kuwa, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya yi mata tsirkiya, yau yana zagaya duniya da Stratocaster. Allah Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.