Yadda Hukuma Ke Janye Gurɓataccen Abinci Daga Kasuwa

Mutanen Kano ba za su manta da watan Maris na 2021 ba. Ana tsakiyar zafi, azumi na ƙaratowa, sai aka fara kai mutane asibiti suna amai, wasu kuma suna fitsarin jini. Da aka bi sawu, sai aka gano cewa sun sha lemon da aka haɗa da wani gari da ake sayarwa da sunan ɗan tsami. Hukumar NAFDAC ta gwada garin, ta ce guba ce mai suna hydroxylamine. A watan Afrilu kwamishinan lafiya na jihar, Dokta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya ce mutum 10 sun rasu, wajen 400 kuma sun kwanta asibiti.

To, idan irin wannan ta faru, me hukuma take yi?

An kafa NAFDAC da doka mai lamba 15 ta 1993, bayan wani maganin yara mai guba ya hallaka yara fiye da 100 a Jos da Ibadan a 1990. Duk abincin gwangwani ko na leda da aka yi wa rajista yana ɗauke da lambar hukumar, da ranar da aka yi shi, da ranar lalacewarsa, da kuma lambar rukuni, wato lambar da ke nuna kayan da aka sarrafa a tashi ɗaya. Wannan ta ƙarshen ita ce ginshiƙin aikin janyewa.

Ƙorafi yakan fito daga asibiti, ko daga mai saye, ko daga kamfanin da kansa, ko daga wata ƙasa, kamar yadda aka yi a 2008 sa'ad da aka sami sinadarin melamine a madarar ƙasar Sin. Ma'aikata sukan ɗebi samfuri su kai ɗakin gwaji, irin wanda hukumar take da shi a Kaduna. In an tabbatar da illa, sai a fitar da sanarwa mai ɗauke da sunan kayan da lambar rukuninsa, a umarci kamfani ya tattaro su daga hannun diloli. Daga nan a shiga kasuwanni da rumbuna a kwashe abin da ya saura, a ƙone shi a gaban shaidu.

Amma akwai inda gizo ke saƙa. Babban ɗan kasuwa a Singa yana da buhu mai rubutu, ana iya bin sawunsa. Mai ƙaramin shago a Gyaɗi-Gyaɗi ko a kasuwar Tarauni kuwa yakan sayi kwano ɗaya, ya ƙulla a farar leda, ya sayar wa mai zoɓo. Da an farke buhu an jefar, suna da lamba sun tafi. Sanarwar da aka karanta a rediyo ba ta da yadda za ta gane wannan ƙullin.

Saboda haka matakin ƙarshe yana hannunmu. Mai shago, ka ajiye buhu ko kwalin da ka ɗebi kaya a ciki har kayan su ƙare, ka kuma riƙe takardar wanda ya sayar maka. Iyayenmu na zumuntar mata masu haɗa zoɓo da kunun aya domin taro, kada ku sayi garin da ba a nuna muku mazubinsa ba, komai arharsa. Lemon tsami da tsamiya suna nan, kowa ya san su da ido.

Idan kuma mutum biyu ko uku sun kamu da ciwo bayan sun ci abu ɗaya, a garzaya asibiti, a tafi da ragowar abin da ledarsa, kada a zubar. Da wannan ragowar ne ake gwaji, kuma da shi ne za a ceci maƙwabcin da bai riga ya sha ba.