Matakan Da Mai Gida Ko Gona Zai Bi Idan Mai Saye Ya Rage Kuɗi Bayan An Daidaita

Garin Magama da ke Ƙaramar Hukumar Jibiya yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Ɗan Isa zuwa Maraɗi. Saboda haka darajar fili, shago da rumbun ajiya a wannan yanki tana tafiya ne da halin da iyaka take ciki. An rufe iyakar a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu na 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli na 2023, aka buɗe a watan Maris na 2024. Aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a 2021, shi ma ya ratsa ta Jibiya. Ga kuma hawa da saukar naira a gaban sefa.

A irin wannan yanayi ne akan samu mai saye ya taya gida, mai gida ya sallama, a sa ranar biya, sai ranar ta zo ya ce ba zai iya ba sai an rage. Misali, an daidaita a kan naira miliyan 5, ya zo da miliyan 4. Sau da yawa yakan jira ne sai ya ga mai gida ya sallami sauran masu so, ko ya ɗauki alkawarin wata hidima da kuɗin, kamar aurar da 'ya ko biyan bashi.

Shin ciniki ya faɗa?

Wannan ita ce tambayar farko. Idan tayi ne kawai aka yi ba a sallama ba, kowa yana da 'yancinsa: mai saye ya rage, mai gida ya ce albarka. Amma a mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihar nan suke bi, ciniki yana ƙulluwa ne da zarar an yi tayi an sallama da yardar juna, ko da ba a tashi daga wurin ba. Daga nan babu mai ikon canza farashi shi kaɗai, sai in tun farko an gindaya sharaɗin zaɓi na wasu kwanaki.

A nemi dalili a gaban shaidu

Kada mai gida ya ba da amsa nan take, kada kuma ya yi fushi. Ya tara dillali da shaidun da aka yi cinikin a gabansu, a nemi mai saye ya faɗi dalilinsa.

Akwai dalilin da shari'a take saurare. Idan an gano aibin da aka ɓoye, kamar tsagewar gini, rikicin iyaka da maƙwabci, magajin da bai yarda ba, ko awo ya nuna filin bai kai yadda aka faɗa ba, to mai saye yana da hakki. Gwargwadon girman aibin, ana iya rage kuɗi ko a mayar da cinikin. A nan sai a kira masana gini ko ma'auna su ƙiyasta, a rage daidai aibin kawai.

Akwai kuma dalilin da ba ya ɗaure mai gida. Faɗuwar kasuwa, jita-jitar rufe iyaka, canjin sefa, ko samun wani wuri mai rahusa, duk ba aibin gida ba ne. Da farashi tashi ya yi, mai saye ba zai ƙara ko kwabo ba.

Hanyoyi uku da ke gaban mai gida

1. Ya tsaya a kan farashinsa, ya ba mai saye wa'adi a rubuce. In wa'adin ya cika bai biya ba, a kai magana gaban mai unguwa ko dagaci, in ta faskara a je kotu.

2. Ya karɓi ragi don raɗin kansa, bayan ya auna abin da zai rasa da abin da jira zai jawo masa. In zai yi haka, ya sa sharaɗin a biya kuɗin duka a zama ɗaya, a rubuta sabon farashi, a kuma daidaita la'adar dillali a kansa.

3. Su warware cinikin da yardar juna a gaban shaidu. Kada ya sayar wa wani kafin a warware na farko a rubuce, domin sayar da wuri ɗaya ga mutum biyu shi ne mafarin doguwar shari'a.

Game da kafin alƙalami, kada mai gida ya riƙe shi da ƙarfin kansa. Malaman Malikiyya ba su halatta cinikin da aka sharɗanta cinye shi ba. Wanda yake ganin an jawo masa asara ya kai kukansa gaban alƙali.

Takardu da mabuɗi

Kada a miƙa takardun asali ko mabuɗi, kada a bar mai saye ya zuba yashi ko ya sa garma, sai kuɗi sun cika. A tuna kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi cewa wurin da yake da takardar mallaka ta gwamna ba ya canza hannu sai da amincewar gwamna, wanda yake ƙarƙashin mallakar gargajiya kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma. Sa hannun mai unguwa shaida ce mai ƙarfi, amma ba ta maye gurbin wannan amincewa.

Kira ga shugabanni

Ana kira ga masu unguwanni, dagatai da jami'an filaye na ƙaramar hukuma da su tabbatar kowace takardar ciniki ta ƙunshi farashi, kuɗin da za a biya da shi, naira ko sefa, ranar biya, iyakokin wurin ta kusurwa huɗu, da abin da za a yi idan wani ya saɓa. In gidan gado ne, a tabbatar da yardar dukan magada, maza da mata. Kada shugaba ya matsa wa mai ƙaramin ƙarfi ya karɓi ragi da sunan a zauna lafiya.

Su kuma jama'a, kada kowa ya ɗora hidima a kan kuɗin da bai shigo hannunsa ba, domin wanda bai matsu ba shi ne yake iya cewa albarka. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.