Yadda Ƙashi Ke Sakin Gubar Dalma

Ƙashin mutum kullum cikin gyara yake: ana rushe tsoho, ana gina sabo. Masu rushewar wasu ƙwayoyi ne da ake kira ostiyoklas. Sukan manne wa ƙashi su zuba masa sinadari mai tsami har ya narke, kalsiyam ya shiga jini. Ba sa taɓa aiki sai da umarni. Furotin mai suna RANKL ne ke tayar da su, shi kuma OPG, wanda aka gano a 1997, yakan cafke RANKL kafin ya isa gare su.

Abin ya shafe mu a Zamfara. Dalmar da ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba ta barin jiki da wuri. A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 cikin ƙashi take maƙalewa, shekara da shekaru. Idan mace na shayarwa, RANKL yakan ƙaru don a samar wa nono kalsiyam, sai dalmar ta biyo kalsiyam ɗin. Mai juna biyu ma haka, har dalmar ta kai ga ɗan tayi.

Don haka matar Dosara ko Maradun, a nan Zamfara, da ta taɓa zama gidan da ake niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma, ta gaya wa ma'aikatan awon ciki tun zuwan farko.