Gangirwal da Bagzam: Ruwa ne Jagora

Gangirwal, wanda ake kira Chappal Waddi, shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti a jihar Taraba, daf da iyakar Kamaru. A Nijar kuwa ƙololuwa tana kan tudun Bagzam a ƙasar Abzin, mita 2,022. Tazarar ba ta kai mita 400 ba, amma wanda ya ɗaura kaya iri ɗaya domin su biyun zai sha wuya. Abin da ya raba su ruwa ne.

A Gangirwal ruwa yawa yake yi. Da damina rafuka su cika, hanya ta yi santsi, hazo ya rufe gabanka har ba ka ganin abokin tafiya. Shi ya sa ake jiran rani, daga Disamba zuwa Maris. Ko a lokacin raɓa takan jiƙa wando tun da sassafe, don haka leda da takalmi mai kama ƙasa sun fi babbar jarka amfani.

A Bagzam jarkar ce rayuwa. Duwatsu ne tsirara, inuwa sai an nema, rana ta gasa ka, dare ya yi, sanyin hunturu ya shiga ƙashi. Ba gajiyarka ke yanke inda za a yi zango ba, inda idon ruwa yake ne. Duk lita ɗaya kilo ɗaya ce a gadon baya, kuma a nan ne jaki ke nuna darajarsa, domin shi ke bin ƙananan hanyoyin da mota ba ta isa.

Sai ka hau da ƙyar, ka tarar da ƙauyukan Abzinawa a can sama, da lambunan albasa da tafarnuwa. Hanyar da baƙo ke ɗauka jarumta, su hanyar kasuwarsu ce.

Wannan ya sa na fi karkata ga Bagzam. Gangirwal ya fi kore, ga namun dawa, kuma duk mai ƙarfin gwiwa ya kamata ya gan shi. Amma a Bagzam dole ka saurari ɗan gari, ka yi tafiya da lissafinsa, domin shi ya san rijiyar da ta ƙafe bana.