Gada ba ta faɗuwa rana ɗaya: yadda ake sa ido kan ruwan da ke cin gindinta

A ƙarshen watan Agustan 2020, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, gadar Palar da ke Marwa a arewacin Kamaru ta karye. Gadar na kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ke kai kaya Mora da Kusiri har Njamaina, don haka cikin dare guda manyan motoci suka yi cirko-cirko a gaɓa biyu. Shekara huɗu bayan haka, a watan Agustan 2024, ruwa ya yanke hanyar Doso zuwa Yamai a daidai Sorey, ya kuma datse wasu hanyoyin da ke shiga babban birnin, har tankokin mai da motocin abinci suka yi kwanaki ba su shiga ba.

Mu da cinikinmu ke kan hanya mun san ma'anar irin wannan labari. Albasa ba ta jira, tumatir ba ya jira, dabbar da ke tsaye cikin mota ramewa take yi, direba da yaran mota kuwa kullum sai an ba su kuɗin abinci. Waɗanda suka ga yadda aka koma fito da kaya a kwalekwale tsakanin Gaya da Malanbil bayan rufe iyaka a 2023 sun ga abin da gada ɗaya ke ɗauke da shi, duk da cewa waccan siyasa ce ta rufe ta. Abin tambaya a nan shi ne, ko akwai hanyar sanin gada na cikin haɗari tun tana tsaye? Injiniyoyi sun ce akwai, kuma wani ɓangare na aikin bai fi ƙarfinmu ba.

Ramin da ba a gani

Yawancinmu idan muka hau gada sama muke dubawa, kwalta da makaran ƙarfe na gefe. Amma babban abin da ke kayar da gada yana ƙasa. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya duba gadoji 503 da suka faɗi a Amurka tsakanin 1989 da 2000, ya gano cewa kusan kashi 53 cikin 100 ambaliya ce da zaizayar gindi suka kayar da su.

Ga yadda abin ke faruwa. Idan ruwa mai gudu ya bugi ƙafar gada, wani sashensa kan nutsa ƙasa ya riƙa juyawa a gindinta kamar ana kaɗa miya da maburgi. Wannan juyi yana kwashe yashin da ke kewaye da ƙafar, ya haƙa rami. Duk yadda ruwa ya ƙara gudu, haka ramin ke ƙara zurfi. Idan itatuwa da karan dawa da ledoji suka taru a jikin ƙafar, sai ta zama kamar ta ƙara faɗi, ramin ma ya ƙara faɗi. Ranar da ramin ya kai ƙarƙashin harsashin ginin, ƙafar ta rasa wurin tsayawa, sai ta karkata ko ta zauna, saman gada ya biyo ta.

Abin da ya sa wannan ciwo ke da wuyar ganewa shi ne, da ruwa ya fara ja baya sai ya mayar da yashi cikin ramin ya rufe shi. Mai duba gada ya zo da rani ya tarar da ƙorama a bushe, yashi shimfiɗe sumul, ya rubuta cewa lafiya lau. Alhali yashin da ya cike ramin sako-sako ne, ruwan farko na damina mai zuwa zai kwashe shi cikin ɗan lokaci ya ɗora daga inda aka tsaya. Gulaben da ke bushewa da rani, irin su gulbin Maraɗi da mayo-mayon Marwa, sun iya wannan yaudara ƙwarai.

Darasi daga Amurka da Fotugal

Ranar 5 ga Afrilun 1987, gadar da ke kan rafin Schoharie a jihar New York ta Amurka ta rufta ana cikin ambaliya, mutum 10 suka mutu. Bincike ya nuna cewa manyan duwatsun da aka jibge don kare gindin ƙafafunta sun zaizaye a hankali, ba a mayar da su ba. Bayan wannan ne ƙasar ta tsaurara dokarta ta duba gadoji. Ƙa'idar gama-gari ita ce a duba kowace gada duk shekara biyu, sannan masu nutso su duba abin da ke cikin ruwa duk shekara biyar.

Na Fotugal ya fi kusa da halin da muke ciki. Ranar 4 ga Maris 2001, tsohuwar gadar Hintze Ribeiro da ke kan kogin Douro ta faɗi da wata motar bas da ƙananan motoci uku a kanta, mutum 59 suka rasa rayukansu, ministan da ke kula da ayyuka ya ajiye aiki. Cikin dalilan da aka gano har da ɗibar yashi da aka shekara da shekaru ana yi a kogin, wadda ta sa ƙasan ruwa ya yi ta sauka har gindin gadar ya fito fili. Duk wanda ya taɓa ganin tifofi da amalanken jakuna suna lodin yashi a inuwar gada da rani, ya san wannan labari bai yi mana nisa ba.

Na'urorin da ke gadin gada

Tun da ido ba ya ganin ƙasan ruwa a lokacin ambaliya, an ƙirƙiro na'urorin da ke yin gadi dare da rana. Akwai wadda ake maƙalawa a jikin ƙafar gada, tana aika sauti ƙasa tana sauraron dawowarsa, daga nan ta san ko ƙasan ya sauka. Akwai sandar ƙarfe da ake kafawa cikin yashi da zobe mai maganaɗisu a jikinta. Duk lokacin da ruwa ya kwashe yashi sai zoben ya zame ƙasa, kuma ba ya komawa sama, don haka ko ramin ya cike, zoben ya riga ya ba da shaidar zurfin da aka kai. Akwai kuma 'yan ƙananan na'urori da ake binnewa a zurfi daban-daban, idan ruwa ya tono ɗaya sai ta taso sama ta aika saƙo.

A saman gada kuma ana sa ma'aunin karkata, wanda ke gane 'yar gocewar da ido ba zai gani ba, da ma'aunin girgiza. Kowace gada tana da irin rawar da take yi idan mota ta wuce, kamar yadda kowace ganga ke da muryarta. Idan gindi ya yi sako-sako rawar takan yi sanyi, kamar gangar da fatarta ta saki, injiniya kuma ya gane daga alƙaluman da ke zuwa masa ta layin wayar salula. Gadar Tsing Ma ta Hong Kong, wadda aka buɗe a 1997, tana ɗauke da ɗaruruwan irin waɗannan na'urori. Haka ma gadar da aka gina a birnin Minneapolis a 2008, a madadin wadda ta faɗi ranar 1 ga Agustan 2007 ta kashe mutum 13.

Na'ura dai gargaɗi kawai take yi. Maganin shi ne a jibge manyan duwatsu ko kejin waya cike da duwatsu a gindin ƙafa, a zurfafa harsashi, a share abin da ya toshe hanyar ruwa, kuma a samu mai ikon cewa a rufe gada idan ruwa ya kai wani mizani.

Zafi, iska da ƙasa mai kumbura

Bayan ruwa, zafin rana shi ne na biyu a yankinmu. Kankare da ƙarfe suna miƙewa da zafi su tsuke da sanyi. Gada mai tsawon mita 620, kamar wadda aka buɗe a 2025 tsakanin Yagwa da Bongor a kan kogin Logon, idan zafin jikinta ya sauya da digiri 30 tsakanin asubar hunturu da azahar ta bazara, tsawonta zai sauya da kusan santimita 19, wato kusan taƙi guda. Wannan ne amfanin gaɓoɓin ƙarfe ko roba da taya ke bugawa idan mun hau gada. Idan yashi da tsakuwa suka cike su, gada ta rasa wurin miƙewa, sai ta tura bangon da ke riƙe da ita har ya tsage.

Iska ta fi damun dogayen gadoji masu rataye da igiyoyin ƙarfe. Gadar Tacoma ta Amurka wata huɗu kacal ta yi a buɗe kafin iska ta murɗe ta ta karya a Nuwamban 1940. Namu gadojin gajeru ne masu nauyi, iska ba ta cika yi musu komai ba, sai dai ta yaye kwanon rumfunan kasuwa.

Masu shaguna da ɗakunan ajiya a Kusiri da Gamboru kuwa sun san baƙar ƙasar nan ta firki, mai kumbura da damina ta dare da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. Akwai dabara mai arha ta sanin ko tsagar bango na ƙaruwa. A shafa ɗan siminti siriri a gicciye kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. Idan shafen ya tsage, ginin na motsi, sai a nemi magini tun kafin a cika ɗakin da buhuna. Rushewar tsohon babban masallacin Damagaram a farkon Satumban 2024, bayan ruwa mai yawa, ya tuna mana cewa daɗewar gini ba ta hana shi jin ruwa.

Damina ta sauya hali

Gadojinmu da dama an auna su ne da ruwan da. Wani bincike da aka wallafa a 2017, wanda ya dogara da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu zubar da ruwa da ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ga kuma daji da aka sare, ƙasa ta yi ɓawo ba ta shan ruwa, duk abin da ya sauka sai ya kwarara ƙorama. A Yamai, inda hedikwatar Hukumar Kogin Neja take, ana shelar jan gargaɗi idan ruwa ya kai santimita 620. A Satumban 2020 ya kai kimanin 700.

Abin da ke hannunmu

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Direbobi da 'yan kasuwa sun fi kowane injiniya yawan bi ta kan waɗannan gadoji, saboda haka mu ne za mu fara ganin alama. Makaran gefe da ya daina tafiya a miƙe, kwari a tsakiyar gada, tudun da ya fito inda kwalta ta haɗu da gada, rodi a fili yana tsatsa, gaɓar da ta buɗe fiye da yadda muka saba, ko ƙasar gefen hanya da ke zubewa, duk abubuwan kai rahoto ne ga ma'aikatar ayyuka ta bakin shugabannin tasha da na kasuwa, a rubuce, da hoto da kwanan wata.

Sai maganar lodi. Dokar ƙungiyar UEMOA mai lamba 14 ta 2005 ta ƙayyade tan 11 da rabi ga gatari guda, a Kamaru kuma tan 13 ne. Gadar da ruwa ya riga ya ci gindinta, motar da ta yi lodin wuce kima ce ke ƙarasa ta, kuma jerin manyan motoci a tsaye kan gadar iyaka ana jiran takardun duwan nauyi ne da ya kamata a guje masa. Ƙungiyoyinmu na da bakin da za su nemi a hana ɗibar yashi kusa da gada, a share kwalbatoci kafin ruwan farko, a kuma zana ma'aunin ruwa da jan fenti a jikin kowace ƙafa yadda kowa zai gani. Idan ruwa ya kai jan layi, jandarma ya tare hanya, mu yi haƙuri mu kwana a gaɓa. Kwana ɗaya a tasha ya fi wata shida ana zagaye.